Ranar Da Aka Kama Ni Ina Dambe A Uwar Ɗaki

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ƙwaƙwalwa, na san wannan hantsin zai bar mini shi, don in riƙa tunawa ina rufe fuska da mayafi ni kaɗai. Lokacin ban daɗe da haihuwar 'yata Hanifa ba, muna zaune a gidan su maigidana a wani ƙauye gaba kaɗan da Dawakin Tofa, inda gonar wannan take manne da ta wancan, idan ka yi tari a gidanka maƙwabci zai aiko a yi maka sannu.

Ni 'yar cikin birnin Kano ce, aure ne ya kai ni can. Maigidana malamin makaranta ne, da sassafe yake hawa babur ɗinsa ya tafi, ba ya dawowa sai bayan azahar. Gidan babba ne. Akwai sashen Baba da Inna, wato iyayensa, da ɗakin ƙanwarsa Rabi, sai namu ciki da falo a can ƙurya. Na ji daɗin zaman gidan nan fiye da yadda na zata. Har yau idan na ji ƙamshin ɗanyar gyaɗa ana dafawa, ko ƙarar sussukar gero daga nesa, sai in ji kamar in leƙa in ga Inna a kan tabarmarta.

Tun ina budurwa na iya saƙar kwarashi, hular jarirai da safa da marufin kwanuka. Da na zo sai Inna ta koya mini saƙar faifai, ta nuna mini yadda ake jiƙa kaba, da yadda ake rina ta ja da kore. Ni kuma ina da wata babbar waya mai alƙalami da nake zane a kanta. A nan nake fara zana adon faifan, in sa masa launi, in goge in sake, kafin in taɓa kaba. A nan kuma nake ƙirƙiro zanen lalle, 'yan matan unguwa su zo su zaɓa. Inna takan karɓi wayar da hannu biyu ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan allon naki dai ya huta, ba ya son wanki ba ya son tawada." Idan yatsuna suka gaji sai in jawo littafin labari in kishingiɗa. Wani lokacin tuwo yana ƙonewa ina can ina tausaya wa mutanen da ba a taɓa haifa ba.

To kun ga matsalar. Saƙa a zaune, zane a zaune, karatu a kwance. Kafin in ankara rigunan aurena sun fara yi mini gardama, bayana kuma ya riƙe, idan zan tashi daga tabarma sai na dafa bango kamar kakar wani. Da na je asibiti, wata nas mai barkwanci ta dube ni sama da ƙasa.

"Maman Hanifa, kina daka?"

"A'a, inji muke kaiwa."

"Ɗiban ruwa fa?"

"Ana kawo mana."

"To me kike yi da jikin nan duk yini?"

Na ce saƙa. Ta yi dariya ta ce saƙa yatsu take motsawa, ni kuwa ba yatsuna ne suke ciwo ba. Ta ce in nemi hanyar motsa jiki, ko gudu-gudu ne da safe.

Gudu! A ƙauyenmu! Matar aure ta fito da hijabi tana gudu a hanya, ai kafin in kai bakin rijiya rabin gari ya biyo ni da sanduna ana tambayar ina macijin yake.

Yayata Binta da ke cikin birni ita ta kawo mafita. Tana da wata 'yar na'urar wasa da 'ya'yanta suka gaji da ita. Ana haɗa ta da talabijin, sai ka riƙe wasu abubuwa biyu kamar ƙananan tocila a hannu, duk motsin da ka yi sai mutumin cikin talabijin ya yi irinsa. Ka ɗaga hannu ya ɗaga, ka duƙa ya duƙa. Muna da sola, da rana wuta ba ta yanke mana. Na mayar da talabijin ɗin uwar ɗaki, na ajiye shi a lungun da ke tsakanin wadirof da bango, yadda ko an ɗaga labule ba za a hango shi ba.

Wasannin ciki suna da yawa, amma ni dambe ne ya tafi da ni. (Kada ku tambaye ni dalili. Ni da ko kaza ba na iya riƙewa a yanka.) Akwai wani abokin karawa, ƙato mai sanƙo da tumbi, na sa masa suna Mai Tumbi. Duk sauran na gama da su, shi kuwa kullum sai ya kai ni ƙasa, sannan ya tsaya yana shafa ciki yana murmushi. Na ɗauki abin da zafi sosai. Ina tsaka da saƙa sai in tuna murmushin nan in ji raina ya ɓaci.

Da farko da zani nake yi, amma zani ba a yi shi don dambe ba, naushi kaɗan ya kwance. Sai na koma sa gajeren wandon ƙwallon maigidana da rigarsa mai lamba a baya, in ɗaure kaina da ɗankwali tamau. In rage muryar talabijin don kada a ji a tsakar gida, in toshe kunnuwana da abin jin sauti, in kunna kiɗan kalangun 'yan dambe a wayata. Maigidana ya sani, dariya kawai yake yi. Rabi ma ta sani, don ta taɓa shigowa aron allura ta same ni, na sa ta yi alkawarin rufe baki. Bayan su babu wanda ya sani. Inna kuwa duk baƙon da ya zo sai ta yabe ni. "Matar Malam ai ba a jin motsinta. Natsuwa kamar ba 'yar birni ba. Kullum tana ɗaki da sana'arta."

Bayan an gama girbi aka sa bikin Rabi. Ni na ɗauki nauyin fayafayan ɗakinta da marufan kwanuka, na kuma zana mata lallen da babu wadda ta taɓa yin irinsa a garin. Dangin ango mata za su zo daga wajen Gezawa su gaisa da Inna, an ce sai bayan la'asar. Don haka da hantsi, da na ga Inna ta goya Hanifa, na ce bari in ɗan shiga in gwada sa'ata, ko yau Allah zai ba ni Mai Tumbi.

Ashe baƙin sun sami mota da wuri. Suka iso, aka shimfiɗa musu tabarma, aka sha fura. Shugabarsu wata Hajiya Lami ce, gwaggon ango, mace mai kwarjini da zoben azurfa a kowane hannu. A namu ɓangaren akwai Gwaggo Asabe, yayar Baba, wadda babu ciwon da ba ta da maganinsa a ƙullin zaninta. Hira ta kai kan kayan ɗaki, Inna ta ce ai sai sun ga aikin hannun matar Malam, su taso ta kai su su gani da idonsu.

Daga baya Rabi ta ba ni labarin abin da ya faru a falo. Sun yi sallama, shiru. Suka sake, shiru. Sai ƙarar dirar ƙafa daga uwar ɗaki, dim, dim, da huci, sannan muryata:

"Taso mana in kai namiji ne! Taso! Yau sai na fasa tumbin nan, mugu!"

Inna ta ɗaga labule.

Ni ban san ana yi ba. Kalangu yana kaɗawa a kunnena, gumi ya jiƙe ni, kuma a karon farko na ga ƙafafun Mai Tumbi suna rawa. Na kai masa na dama, na ƙara masa na hagu, na tattara duk haushin da na tara na zuba masa a haɓa. Ya tafi luuu ya faɗi. Na daka tsalle na yi ihu har abin jin sautin ya fice daga kunnuwana, na ɗaga hannu biyu sama, na juyo ina taku irin na wanda ya yi kisa a fage.

Sai ga Inna da Hanifa a bayanta. Ga Gwaggo Asabe. Ga Hajiya Lami da mata uku da ban taɓa gani ba, kowacce baki buɗe. Ga ni kuma da wandon ƙwallo, gwiwoyi a waje, hannuwa a sama.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka muna kallon juna ba. Abin da na sani shi ne ƙwaƙwalwata, wadda ta karanta littattafai ba iyaka, ta duba duk hanyoyin fita ta zaɓo mini mafi muni. Ta ce mini: faɗi ki suma. Wai idan na suma za a tausaya mini, a manta da wandon. Na lumshe ido, na saki jiki, na zube a kan leda. (Har da zaɓar gefen da katifa take, don kada in fasa kai.)

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" in ji Inna. Na ji ta yaye mayafinta ta rufe mini ƙafafu.

"Iska ce!" in ji Gwaggo Asabe. "Na sha faɗa muku tsamiyar bayan ɗakin nan ba ta zama lafiya ba. Kun ji ai da namiji take faɗa. A kawo ruwa! A ɗebo garwashi!"

Rabi, baiwar Allah, tana ganin haka ta zaga ta bayansu ta jefa zani a kan talabijin, a tunaninta rufa mini asiri take yi. Da ta bar shi a buɗe da wani ya waiga ya gani, magana ta ƙare a nan.

Ruwan randar Inna sananne ne a gidan wajen sanyi. Kwano guda aka sheƙa mini a fuska. Na cije, ban motsa ba. Aka ƙara. Sai ga hayaƙi, Gwaggo ta zuba habbatus-sauda da tazargade da wani abin da har yau ban san sunansa ba, ta kawo kaskon dab da hancina. Tari ya taso mini, atishawa ta taso, na danne su duka har hawaye yana fita ta gefen idona. Ta kama babban yatsan ƙafata ta murɗe.

"Kai wane ne? Daga ina ka fito? Me ta yi maka, yarinya mai jego?"

Na so in ce mata ni ce, Gwaggo, sakar mini yatsa. Amma wanda ya suma ba ya magana.

Aka kira Baba. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo. Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi, wanda nake durƙusawa tun daga nesa idan zan gaishe shi, ya tsaya a bakin ƙofar uwar ɗakina yana karanta ayoyi, muryarsa tana rawa don tausayina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi niyyar in ya kai aya in buɗe ido a hankali in ce "ina nake?" kamar yadda ake yi, kowa ya yi hamdala a watse.

Baba ya kai aya. Ɗaki ya yi tsit. A cikin shirun nan sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin zanin da ke lungu, muryar mace, cikin Turanci, da fara'arta, tana taya ni murnar nasara tana tambaya ko zan ci gaba. Har da tafi.

Na ji matan sun yi baya sun haɗu da wadirof.

"La'ilaha illallahu," in ji Gwaggo a hankali. "Ashe su biyu ne. Har da Baturiya."

Rabi tana can gefe tana wani irin sauti kamar mai shaƙuwa, na san dariya take dannewa. Ni ma saura ƙiris ta ƙwace mini. Sai na ji Hajiya Lami ta sunkuya wajen matar da ke kusa da ita, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma da yake a ƙasan nake, na ji sarai.

"Ashe abin a gidan yake. An ce ita ma amaryar a ɗakin nan take wuni. Gara da Allah Ya kawo mu da wuri. Sai mun koma mun yi shawara."

Shaƙuwar Rabi ta tsaya cak. Ita ma ta ji. Na san yadda take son yaron nan, na san yadda take zama kusa da ni tana zaɓar launin fayafayanta tana murmushi ita kaɗai. Kuma na san yadda magana take tafiya a ƙauye. Kafin magariba za a ce gidan su Rabi akwai iska, kafin Juma'a a ce ita ce ma take tashi da su.

Na buɗe ido na tashi zaune, ruwa yana ɗiga daga ɗankwalina.

"Inna, ku yi haƙuri. Lafiyata ƙalau. Ban suma ba. Kunya ce ta kayar da ni."

"To da wa kike faɗa?" in ji Inna.

"Dambe nake yi."

"Da wa?"

Na ja jiki na yaye zanin. Ga Mai Tumbi nan ya riga ya miƙe, yana tsaye a tsakiyar fage yana shafa ciki yana murmushinsa. Na yi musu bayani kaina a ƙasa, tun daga ciwon baya har maganar nas, muryata kamar ta ɗan akuya.

Baba ya leƙo ya daɗe yana kallon talabijin. Sannan ya dubi nasa cikin (Baba ma Allah Ya hore masa), ya shafa, ya ce, "To. Allah Ya ƙara lafiya. Mu dai masu tumbi sai mu riƙa bi ta nesa." Ya juya ya fita. Bai kai zaure ba muka jiyo dariyarsa, har yana tari.

Na zaci an gama. Ina! Hajiya Lami ta gyara mayafi ta ce ita fa ba ta gamsu ba, ta ga mutum yana naushin iska da idonta, in dai gaskiya ne wannan ƙaton ake bugu, a yi a gabanta. Na dubi Inna ina neman ceto. Inna ta kau da kai ta ce, "Tashi ki nuna musu."

Haka na ɗaura zani a kan wandon, jiƙe sharkaf, ina warin tazargade, na tsaya gaban surukata da baƙin Gezawa na dunƙule hannu. Na kai naushi, mutumin cikin talabijin ya kai. Matan suka ce "Kai!" gaba ɗaya. Na sake kaiwa. Gwaggo Asabe, wadda ɗazu take murɗe mini yatsa, ta matso tana cewa, "Ta hagu, 'yar nan! Kare fuskarki!" Ban ko yi nisa ba Mai Tumbi ya shimfiɗe ni. Hajiya Lami ta yi dariya har ta zauna a bakin gado tana share hawaye da gefen mayafi.

Da ta huce aka kawo mata fayafayan. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi gaba da baya, ta bi adon da yatsa, na nuna mata zanensa a waya tun kafin a saƙa. Ta dube ni ta ce, "Yanzu hannun da ya yi wannan shi ne na naushin nan?" Na ce shi ne, Hajiya. Ta ce to lallai amaryarsu ta fito daga gidan da ba a taɓa su, za ta gargaɗi ɗanta.

An yi biki lafiya. Sai dai ranar kai amarya, muna sauka daga mota a Gezawa, matan gidan ango suka tarbe ni da dunƙulallun hannuwa suna guɗa. Labari ya riga ni isa. Har yau a dangin mijin Rabi ba a san ni da wani suna ba sai 'Yar Dambe.

Bayan biki na daina kunna na'urar, na kuma riƙa zille wa Inna. In gaishe ta kaina a ƙasa in gudu ɗaki. Ita ma ba ta tayar da maganar ba. Sai wata safiya ta yi sallama ta shigo da kabarta a hannu, ta zauna, ta ɗan yi saƙa, sannan ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Wannan abin naki, faɗa kawai ake yi a cikinsa?"

Na kunna mata na tuƙin kwalekwale. Na ajiye mata kujera 'yar tsugunno, na damƙa mata abin riƙewar, na nuna mata yadda za ta riƙa ja. Kogi ya buɗe a gabanta, shuɗi, da duwatsu da tsuntsaye. Ta fara tuƙi a hankali tana karo da gaɓa, can ta gane. Tana tafiya a kan ruwan nan sai ta ce, "Ni fa tunda nake ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. Iyakata kududdufin bayan gari." Daga ranar takan zo da hantsi, ta yi tuƙinta, ni in yi dambena ba ɓoye-ɓoye, sannan mu baje kaba a falo muna saƙa, ina karanta mata littafi tana tsine wa mugayen ciki. Idan na tsaya shan ruwa ta ce, "Ci gaba mana, ya aka yi da yarinyar?"

Yanzu mun tashi daga gidan, aiki ya mayar da mu cikin gari. Na'urar ta daɗe da lalacewa. Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Idan muka je gaishe da Baba nakan leƙa tsohon ɗakinmu, an mayar da shi wajen ajiye buhunan gero, in tsaya a bakin ƙofa in yi dariya, wani lokacin dariyar ta zo da ƙwalla.

Abin da na koya kuwa, ga shi kyauta ga duk mai so. Idan aka kama ki cikin abin kunya, ki tsaya da ƙafafunki ki sha kunyarki a tsaye, guda ɗaya ce. Idan kika ce za ki kwanta, za ki sha kunyar, ki sha ruwan randa, ki sha hayaƙi, a murɗe miki yatsa, daga ƙarshe kuma a tashe ki a ce ki maimaita damben.